Filin Tambaya da Amsa: Ƙwaƙwalwar da ke cikin waya, mita, inbata da mota

Wasiƙun da suka shigo mana a wannan karon yawancinsu a kan masarrafa suke, wato ɗan guntun silikon da ke karɓar umarni ya aiwatar a cikin na'ura, wanda masu gyara ke kira furosesa ko CPU. An fi saninta a kwamfuta, amma waɗanda ke cikin waya da mitar wuta da inbata da katin banki da mota sun ninninka na kwamfutoci yawa. Mun zaɓi tambayoyi tara, mun taƙaita wasu saboda fili.

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Na ji ana cewa kusan kowace waya ARM ce a cikinta, ni kuwa MediaTek na gani a kwalin tawa. Wanne ne daidai? (Mai karatu daga Katsina)

Amsa: Wa alaikumus salam. Dukansu daidai ne, ɗan'uwa. Kamfanin ARM da ke Kambirij a Ingila ba shi da masana'antar ƙera masarrafa. Zane yake yi ya sayar da lasisin amfani da shi, kamar mai zanen gini da ke sayar da taswira ga magina daban-daban, sannan ya riƙa karɓar ɗan kaso a kan kowane gida da aka gina da ita. MediaTek na Taiwan da Qualcomm na Amurka da Unisoc na Sin suna sayen zanen, su haɗa shi da ɓangaren hoto da na kama layi da na kyamara a kan guntu ɗaya. Su ma ɗin ba su da masana'antar kansu. Sai su miƙa aikin ga kamfanoni irin su TSMC na Taiwan ko Samsung na Koriya ta Kudu su ƙera. Daga nan Transsion, mai Tecno da Infinix da itel, ya saya ya ɗora a fanel, wato allon da kayan lantarkin wayarka ke zaune a kai. Ka ga hannu huɗu ke nan kafin ta iso kasuwa.

Asalin abin daga kamfanin Acorn ne, inda Sophie Wilson da Steve Furber suka zana ARM ta farko, wadda ta fara aiki a watan Afrilun 1985 da tiranzista, wato ƙananan makunnan lantarki, kimanin 25,000 kacal. Tsarin da suka bi, wanda ake kira RISC, shi ne a rage yawan nau'o'in umarni, a sauƙaƙa kowanne, ta yadda masarrafar za ta gama shi da sauri ba tare da tulin tiranzista ba. Burinsu a lokacin shi ne kada ta ci wutar da ta kai wat ɗaya, domin a saka ta a gidan roba mai araha. Da ta fito sai aka ga kusan kashi ɗaya cikin goma na wat take ci. Wannan ƙarancin cin wuta shi ya ba ta kasuwar duk wani abu mai batir. A 1990 Acorn da Apple da VLSI Technology suka kafa ARM a matsayin kamfani mai zaman kansa, sannan Nokia ta ɗauki zanen ARM7 a wayoyinta tun daga ƙarshen shekarun 1990. Zuwa 2023 an ƙera fiye da biliyan 250 na guntayen da ke ɗauke da zanen ARM.

Zanen nasu da aka fi sani gida uku ne. Cortex-A na waya da talabijin da duk abin da ke ɗaukar babbar manhaja irin Android. Cortex-R na wuraren da jinkirin ƙiftawar ido ke jawo matsala, kamar birkin mota da ma'ajiyar bayanai. Cortex-M kuwa ƙanana ne masu arha da ake zubawa a mita da agogon hannu da injin wanki.

Tambaya: Na sayi waya an rubuta Octa-core a kwalinta, ta ƙanwata ma haka aka rubuta, amma tata ta fi tawa sauri nesa ba kusa ba. Ko an cuce ni ne? (Wata mai karatu daga Zariya)

Amsa: Ba lallai an cuce ki ba, Hajiya, sai dai rubutun kwalin bai gaya miki abin da ya kamata ki sani ba. Kalmar tana nufin akwai ƙwayoyin sarrafawa takwas a ciki, ba ta faɗi irinsu ba, alhali a nan bambancin yake. Ga misalai uku da ake yawan samu a wayoyin kasuwarmu. Unisoc SC9863A tana da ƙwaya takwas, dukansu ƙanana ne samfurin Cortex-A55, kuma an ƙera ta da tsohuwar fasahar nanomita 28 (lambar da ke nuna ƙanƙantar tiranzistocin cikinta). MediaTek Helio G85 tana da manya biyu samfurin A75 da ƙanana shida A55, a nanomita 12. Helio G99 tana da manya biyu A76 da ƙanana shida, a nanomita 6. Duk ukun takwas-takwas ne, amma ta ƙarshen ta yi wa ta farkon fintinkau.

Ƙaramar ƙwaya tana bin umarni ne a jere, idan ɗaya ya tsaya jiran bayani daga ma'ajiya sai na bayansa su tsaya. Babbar kuwa tana iya tsallake wanda ke jira ta ci gaba da wani aikin. Buɗe manhaja da loda shafi da gungura hoto galibi a kan ƙwaya ɗaya ko biyu suke dogara, don haka ƙarfin babbar ƙwayar shi ne saurin da hannu ke ji. Ƙananan an sa su ne su riƙe ƙananan ayyuka kamar jiran saƙo da kunna sauti ba tare da zuƙe batir ba. ARM ta fito da wannan haɗin na manya da ƙanana a 2011. Adadin nanomita kuma, gwargwadon ƙanƙantarsa gwargwadon raguwar zafi da cin batir.

Akwai abu biyu da suka fi yawan ƙwaya tasiri. Na farko RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi da manhaja ke aiki a cikinta. Idan kika ga an rubuta 4GB+4GB, huɗun farko ne na gaske, na biyun aro ne daga ma'ajiyar wayar, kuma saurinsa bai kama ƙafar na gasken ba. Na biyu irin ma'ajiyar kanta: eMMC ba ta iya karatu da rubutu a lokaci guda, UFS tana iyawa. G85 da eMMC take tafiya, G99 kuwa tana ɗaukar UFS 2.2. Kafin ki biya kuɗi, ki sa a sauke manhajar CPU-Z ko AIDA64 a wayar ki duba sunan masarrafar da jerin ƙwayoyinta. A ra'ayinmu, wayar da ba ta da babbar ƙwaya ko ɗaya ta kira ce da WhatsApp, kada a ɗora mata fiye da haka.

Tambaya: Ranka ya daɗe, ni yaron shago ne, ina koyon gyaran waya. Idan waya ta mutu ɗungurungum sai in ji ana cewa CPU ce, a gasa ta. Yaya zan tabbatar kafin in sa mata wuta? (Mai koyon gyara daga Kano)

Amsa: Madalla da ka tambaya kafin ka gasa. A cikin duk kayan da ke kan fanel, masarrafa na daga cikin waɗanda ba su cika mutuwa da kansu ba. Tana buƙatar abu huɗu kafin ta motsa: wuta daidai, bugun agogo daga kiristal, siginar tashi, da manhajar da za ta karanta daga ma'ajiya. Ɗaya ya ɓace, za ta yi shiru tamkar matacciya.

Ka fara da injin ba da wuta na kan tebur. Cire batir, saita injin a bolt 4, ka haɗa. Kafin ka danna makunni bai kamata allurar ta motsa ba. Idan ta yi sama nan take, akwai shot, wato wuta na zurarewa kai tsaye, a babban layin wuta, kuma sau da yawa wata 'yar kafasita ce mai girman ƙwayar gero ta ƙone. Ka shafa hayaƙin rozin a fanel ko ka ɗiga sifirit, ka ba da wuta kaɗan, ka lura da inda ya fara narkewa ko bushewa. Wurin nan ne mai laifin. Idan layin da ke zuwa masarrafa kake gwadawa, kada ka wuce bolt ɗaya, don yawancin layukanta ƙasa da haka suke aiki, kuma bolt 4 a wurin zai kashe ta da gaske.

Idan babu shot, danna makunni ka auna koyil-koyil da ke kewaye da ai-sin wuta, wato guntun da ke kula da wutar wayar. Shi ne ke rarraba wutar batir zuwa layuka daban-daban, irin su bolt 1.8 da waɗanda ba su kai bolt ɗaya ba. Layin da ya ɓace zai nuna maka inda za ka bi. Bayan haka sai ka jona wayar da kwamfuta ka duba jerin na'urorin da ta gani. Wayar MediaTek kan bayyana da sunan MTK USB Port ko PreLoader, ta Qualcomm kuma da QDLoader 9008. Muddin ɗaya daga cikinsu ya fito, masarrafar tana da rai, tana neman manhaja ne ba ta samu ba. Sai ka koma kan filashin, wato sake zuba manhaja, ko kan ma'ajiyar.

Inda ake zargin ƙasan masarrafa shi ne wayar da ta faɗi ko ta lanƙwashe, wadda ke tashi idan an danne fanel ta kuma mutu idan an saki. A nan ƙwallayen dalmar da ke ƙarƙashinta ne suka tsage. Dalmar masana'anta tana narkewa a wajen digiri 217, ta gargajiya mai gubar dalma a 183. Hura mata iska mai zafi daga sama ba tare da ɗagawa ba yakan sa ta tashi na ɗan lokaci ta sake mutuwa, ga kuma baƙin gam da ke ƙarƙashinta wanda ke kumbura ya haɗe ƙwallayen da juna. Gyaran gaskiya shi ne a ɗumama fanel daga ƙasa, a ɗaga ta, a share, a sake jera ƙwallaye da sitensil. Ka yi ta koyo a matattun fanel kafin ka taɓa ta mutane.

Ka kuma riƙe wannan: a wayoyin yanzu bayanan mai waya a kulle suke da mabuɗin da ke cikin masarrafar. Idan ka sauya ta da wata, hotuna da saƙonni sun tafi ko da ma'ajiyar lafiya lau take. Mai son bayanansa, sai an ɗauke masarrafa da ma'ajiya tare an mayar kan wani fanel.

Tambaya: Injiniya, inbata ta ƙi tashi, na sayo sabon ai-si mai lamba iri ɗaya sak na saka, ko fitila ba ta kawo ba. Jabu aka sayar mini? (Mai haɗa sola daga Maraɗi)

Amsa: Mai yiwuwa ai-sin na gaske ne, amma fanko ne. Abin da ke cikin inbata maikurokontirola ce, wato masarrafa da ma'ajiya da ƙafafun shiga da fita duk a guntu ɗaya, irin su PIC da dsPIC na Microchip ko STM32. Sabuwa daga kasuwa ba komai a cikinta. Kamfanin inbatar ne ke rubuta manhaja ya zuba, sannan ya kulle ta yadda ba a iya kwafowa. Lamba ɗaya ba ta wadatar ba, sai ka samo daga matacciyar inbata samfuri ɗaya, ko ka sayi katin sarrafawar gaba ɗaya daga wakilin kamfanin. Banda irin EG8010 da ke kan ƙaramin katin EGS002, wanda da aikinsa yake fitowa daga masana'anta, shi kam ana musanya shi kai tsaye.

Muna fatan ba ka jefar da tsohuwar ba, don wataƙila lafiyarta ƙalau. Mayar da ita ka auna ƙafar wutarta. Idan mai bolt 5 ce, ya kamata ka samu tsakanin 4.8 da 5.2. In ya gaza, duba regileta 7805 da kafasitocin da ke gefenta. Idan regiletar na zafi sosai, wani abu ne ke jan layin ƙasa, kuma zai iya zama sikirin ko wata 'yar kafasita. Sai ka auna ƙafar riset, wadda a yawancinsu dole ta kasance a sama kusa da bolt 5. Sannan kiristal, wanda tsatsa da danshi ke kashewa, kuma kuɗinsa bai taka kara ya karya ba.

Kafasita mai ruwa ita ce ta fi ba da wahala a ƙasashenmu. Wadda aka rubuta wa awa 2,000 a digiri 105, rayuwarta na ninkawa ne duk lokacin da zafi ya ragu da digiri 10. A digiri 65 za ta kai awa 32,000, fiye da shekara uku da rabi. A digiri 85 awa 8,000 ne, ko shekara ba ta cika ba. Inbatar da aka kulle a ɗakin kwano mara taga a watan Afrilu, lokacin da zafin waje ya haura 40, tana cin rayuwar kafasitocinta da sauri. Idan sun bushe wutar masarrafa takan yi rawa, sai ta riƙa kashe kanta tana tashi.

Idan kuwa mosfet, wato tiranzistocin da ke ɗaukar babbar wuta, su ne suka fashe, kada ka tsaya a sauya su kaɗai. Masarrafa tana kunna su bi da bi sau dubbai a daƙiƙa domin ta fitar da wuta mai bugu 50, kuma tana barin ɗan tazara tsakanin kashe na sama da kunna na ƙasa. A EG8010 ana zaɓar tazarar daga nanosakan 300 zuwa maikurosakan 1.5. Idan direba, wato ai-sin da ke kunna mosfet, irin IR2110 ta lalace, na sama da na ƙasa sukan buɗe tare, batir ya zuba kai tsaye, sababbin mosfet su tashi aiki cikin daƙiƙa. Sauya direba, auna rezistocin get, wato ƙafar da ake kunna mosfet ta ita, ɗaya bayan ɗaya, sannan a gwajin farko ka sa ƙwan fitilar mota a jere da wayar batir. In akwai shot, ƙwan zai haska ya tsaya a haske maimakon kaya su ƙone. A kula da rai: inbata mara babbar taransifoma tana da kafasitoci masu riƙe kusan bolt 400 bayan an kashe ta. A sauke su ta rezista, a auna, kafin a sa hannu.

Tun da sola kake haɗawa, kontirolar caji batir ake fara jona mata kafin faranti. Da wutar batir masarrafarta ke tashi ta gane ko tsarin 12 ne ko 24. Farantin da ake kira na 12 yana fitar da sama da bolt 20 idan ba kaya a kansa, in shi ta fara gani sai ta ruɗe.

Tambaya: Mitar gidanmu ba ta da intanet. Ta yaya take sanin lambobin da na saya na gaske ne, kuma me ya sa ba ta karɓar su sau biyu? (Magidanci daga Kaduna)

Amsa: Duk bayanin yana cikin lambobi 20 ɗin nan, Alhaji. Tsarin ana kiransa STS, kuma daga Afirka ta Kudu ya samo asali. Kowace mita tana da mabuɗin sirri nata a ciki, kamfanin wuta ma yana iya fitar da irinsa. Idan ka biya, kwamfutarsu tana haɗa yawan yunit da lambar lokacin saye da lambar tantancewa, ta kulle su da mabuɗin mitarka, ta mayar da su lambobi 20. Masarrafar mita tana buɗewa da nata mabuɗin. Idan lissafin tantancewar ya daidaita sai ta ƙara yunit, in bai daidaita ba ta ƙi. Shi ya sa tokin maƙwabci, wato lambobinsa 20, ba ya shiga taka. Tana kuma ajiye lambobin lokacin tokin da ta karɓa a baya, don haka tana gane wanda aka taɓa sakawa, tana kuma iya ƙin wanda ya tsufa aka saka sababbi da yawa a bayansa. Kada a ajiye tokin a aljihu wata da watanni.

Lambar lokacin ita ce ta jawo hayaniyar 2024. Tana ƙirga mintuna ne tun daga 1 ga Janairun 1993, kuma gurbin da aka ware mata ba ya ɗaukar fiye da 16,777,216. Wannan adadi ya cika a ranar 24 ga Nuwamban 2024. Saboda haka aka raba wa mutane tokin sauya mabuɗi guda biyu, waɗanda suka mayar da farkon ƙirgen zuwa 2014, abin da zai kai mitocin 2045.

Sauran aikinta auna wuta ne sau da yawa a kowace daƙiƙa, ta rage yunit, idan ya ƙare ta umarci rile, wato makunnin da ke aiki da lantarki, ya yanke. Akwai ɗan maɓalli a ƙarƙashin murfin wayoyi. Da an buɗe take rubutawa, a yawancin mitoci ta yanke wuta har sai kamfani ya ba da lambar sharewa. Ko da kuskure mai gyara ya buɗe, kamfanin za a koma.

Tambaya: Na'urar POS ɗina ta faɗi, wani ya buɗe ya gyara madanni, tun daga nan ta kulle tana nuna an taɓa ta. Filashin zai gyara? (Mai sana'ar POS daga Gusau)

Amsa: Ba zai gyara ba, 'yar'uwa. Cikin na'urar akwai masarrafar tsaro da ke riƙe mabuɗan da ake kulle lambar sirrin kwastoma da su. Mabuɗan suna zaune ne a wata 'yar ma'ajiya da ƙaramin batir mai kamar kwabo ke raya ta, kuma an kewaye wurin da siraran layuka da maɓallan da murfi ke dannewa. Da an ɗaga murfi ko layi ya tsinke, take masarrafar ke goge mabuɗan. Da gangan aka yi haka domin kada ɓarawo ya dasa abin satar lambobi. Faɗuwa mai ƙarfi ko mutuwar ƙaramin batirin ma na iya jawo hakan. Ki mayar wa kamfanin da ya ba ki, su kaɗai ke iya zuba sababbin mabuɗai.

Tambaya: Shin gaskiya ne akwai kwamfuta a cikin katin ATM da layin waya? (Ɗalibi daga Damagaram)

Amsa: Gaskiya ne. Ƙarƙashin ɗan farantin nan mai ruwan zinariya akwai masarrafa da ma'ajiyarta. Ba ta da batir, na'urar da aka zura katin ce ke ba ta wuta da bugun agogo. A duk ciniki tana lissafa wata lamba sabuwa da mabuɗin da ba ya fita daga cikinta, shi ya sa kwafar ta ke da wuya ƙwarai. Idan kati ya ƙi karantuwa, a goge farantin da busasshen ƙyalle mai laushi. Kada a kankare shi da reza, kada kuma a lanƙwasa katin a aljihun baya, don wayoyin da suka haɗa farantin da guntun sun fi gashi siranta.

Tambaya: Makanike ya ce ƙwaƙwalwar motata ta ƙone, sai an sayo wata. Kuɗin da yawa. Akwai abin da zan sa a duba tukuna? (Direba daga Jos)

Amsa: Akwai, kuma rabin awa ya isa. A fara da fis da rile ɗin da ke kai mata wuta, da wayoyin as, wato na negatif, da ke ɗaure a jikin inji, don as mai tsatsa na sa ta yi kamar ta mutu. Sai layin bolt 5 da take ba sensoci. Idan sensa ɗaya ta yi shot takan ja layin gaba ɗaya ƙasa, mota ta ƙi tashi. A riƙa cire sensocin ɗaya-ɗaya ana aunawa, wadda aka cire 5 ya dawo ita ce.

Motar zamani masarrafai da yawa gare ta, na inji da na giya da na birki da na jakar iska, kuma suna magana da juna ta wayoyi biyu da ake kira CAN, tsarin da Bosch ya fito da shi a 1986. A soket mai ƙafa 16 da ke ƙarƙashin sitiyari, wanda ake jona kwamfutar gwaji, ƙafa ta 6 da ta 14 su ne na CAN a motocin da ke amfani da shi. Cire kan batir, auna tsakaninsu. Om 60 ake nema. In ka ga 120, layi ya tsinke ko ɗaya daga cikin na'urori biyun da ke rufe bakin layin ta fita. In ka ga kusan sifili, wayoyin sun haɗe.

Abubuwan da ke ƙona ta da gaske sanannu ne: juya kan batir, walda a jikin mota ba a cire ta ba, wanke inji da ruwa mai ƙarfi, da kuma al'adar nan ta cire kan batir mota na kunne wai a ga ko tana caji. Wannan ta ƙarshen muna roƙon makanikai su daina. Batir ne ke shanye hawa da saukar wutar altaneta, da an cire shi wutar kan yi tsalle zuwa bolt gommai. Mitar auna bolt ta isa gwajin: wajen 12.6 a kashe, 13.8 zuwa 14.4 a kunne. In har sai an saya, lambar jikinta ta zama ɗaya, kuma a motoci masu makullin tsaro sai an daidaita ta da makullin kafin mota ta tashi.

Tambaya: Ina karatun lantarki, ina so in fara haɗa na'urori da kaina. Da wace masarrafa zan fara, kuma mene ne RISC-V da nake ji? (Ɗaliba daga Bauchi)

Amsa: Ki fara da allon koyo na Arduino Uno R3. Masarrafarsa ATmega328P ce, gudunta 16MHz, ma'ajiyar manhaja 32KB, RAM 2KB. Kaɗan ne, amma ya isa ya kula da famfon tankin ruwa ko fitilun titi, kuma ƙarancin zai koya miki tattali. Idan hannunki ya faɗa sai ki koma STM32F103, mai Cortex-M3 a 72MHz, ko Raspberry Pi Pico da ya fito a 2021. In aikin na buƙatar Wi-Fi, ESP32.

RISC-V tsarin umarni ne da aka fara a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a 2010. Bambancinsa da ARM shi ne kowa na iya ƙera masarrafa a kansa ba tare da biyan lasisin tsarin ba. Ya fara samun gindin zama a ƙananan kaya, irin ESP32-C3 da CH32V003, amma a waya har yanzu ARM ke riƙe da kasuwa. Tun da da harshen C za ki riƙa rubutu, sauyawa daga wannan zuwa wancan ba zai ba ki wahala ba.

Kurakuran da ke kashe allon masu koyo kusan iri ɗaya ne. Uno da bolt 5 yake aiki, ESP32 da Pico da 3.3, kuma ba su jure 5 a ƙafafunsu. Idan sensa na fitar da 5, ki raba ta da rezista biyu, 10k a sama 20k a ƙasa, ki ɗauka daga tsakiya. Ƙafar ATmega328P kada a ja fiye da miliamfa 20 daga gare ta, don haka ƙwan LED na buƙatar rezista om 220 zuwa 330, rile kuma ta tiranzista ake kunna shi, da diyod 1N4007 a juye a kan koyil ɗinsa domin ta shanye wutar da ke dawowa idan an kashe. ESP32 na zuƙar wuta da ƙarfi lokacin da Wi-Fi ke tashi, in caja ko kebul ɗin mai rauni ne sai ki ga yana ta sake kunna kansa. Ki ba shi abin da ke iya fitar da aƙalla miliamfa 500, ki sa kafasita kusa da ƙafar wutarsa.

Na'urar da za a bari tana aiki ba mai tsaro, kamar ta famfo, ki kunna mata agogon gadi da ke cikin masarrafar, wanda ke sake tayar da ita idan manhaja ta maƙale. Ki kuma sa iyakar lokaci a manhajar, ta yadda ko sensar tanki ta lalace famfon zai tsaya da kansa bayan mintunan da kika ƙayyade. Ƙirgen lokaci na Arduino da ake kira millis yana komawa sifili bayan kimanin kwana 50, saboda haka a lissafin lokaci ki riƙa debe tsohon ƙirge daga sabo, kada ki kwatanta su kai tsaye.